Zayyanar manhaja

Zayyanar manhaja sana'a ce ta tsara yadda manhajar waya, shafin intanet ko wata hidimar dijital za ta kasance, da kuma yadda mutum zai yi amfani da ita. Mai zayyana ne ke tsara abin da zai bayyana a fuskar waya, inda kowane maɓalli zai zauna, kalmomin da za a rubuta a kansa, da matakan da mutum zai bi kafin ya biya buƙatarsa, kamar tura kuɗi, sayen katin waya ko rajistar jarrabawa. A tallace-tallacen neman ma'aikata a Najeriya an fi kiran sana'ar da taƙaitaccen sunanta na Turanci, UI/UX. UI na nufin fuskar manhaja da ido ke gani, UX kuma yana nufin duk abin da mai amfani ya haɗu da shi daga farko har ƙarshe, sauƙi ne ko wahala.

Sana'ar ta bunƙasa a Najeriya bayan yaɗuwar manyan wayoyi da kamfanonin hada-hadar kuɗi ta intanet. A arewacin ƙasar, ciki har da jihar Katsina, ana koyonta ta intanet, a cibiyoyin fasaha, da kuma ta shirye-shiryen gwamnati. An san ta da saurin sauyawar kayan aiki, domin manhajojin da masu zayyana ke aiki da su sun canza sau da dama tun daga shekarun 2000, yayin da ainihin aikin, wato fahimtar mutanen da za su yi amfani da abin, bai canza ba.

Bambancinta da wasu sana'o'i

Ana yawan haɗa zayyanar manhaja da zanen talla, irin na fasta, kalanda, katin biki da allon shago. Sana'o'in biyu sun yi tarayya a ilimin launi, tsarin haruffa da daidaita hoto. Sai dai fasta kallonta kawai ake yi, ita kuwa manhaja taɓa ta ake yi ta amsa. Saboda haka dole mai zayyana ya tanadi abin da zai faru idan mutum ya yi kuskuren lamba, idan sabis ya ɗauke ana tsakiyar tura kuɗi, ko idan babu komai a asusun.

Haka nan ta bambanta da rubuta manhaja. Injiniyan manhaja shi ke rubuta umarnin da kwamfuta ke bi, mai zayyana kuma shi ke fitar da taswirar da injiniyan zai gina a kai, kamar yadda mai zanen gida ke miƙa wa magini takarda. A ƙananan kamfanoni mutum ɗaya kan haɗa ayyukan biyu. A manyan kamfanoni akan sami na uku, manajan manhaja, wanda ke tsayar da abin da za a fara ginawa da abin da za a jinkirta.

Tarihi

A duniya

Kwamfutocin farko da rubutaccen umarni ake sarrafa su, don haka sai ƙwararru ke iya amfani da su. A 1973 cibiyar bincike ta Xerox PARC da ke Kalifoniya a Amurka ta ƙera kwamfutar Alto, mai tagogi da linzami. Kamfanin Apple ya kai wannan tsari kasuwa da Macintosh a 1984, kuma Susan Kare ce ta zana yawancin alamomin da ke fuskarta. A 1988 masanin halayyar ɗan Adam Don Norman ya wallafa littafin da daga baya aka sani da The Design of Everyday Things, inda ya nuna cewa idan mutane da yawa na kuskure wajen amfani da abu, yawanci laifin yana ga wanda ya tsara abin. Norman ya koma Apple a 1993, a can ne ya yaɗa kalmar da ta zama UX. A 1994 Jakob Nielsen ya fitar da ƙa'idoji goma na auna sauƙin manhaja, waɗanda har yau ake koyar da su. Mutanen biyu sun kafa kamfanin Nielsen Norman Group a 1998.

Fitowar iPhone a 2007 da Android a 2008 ta mayar da aikin kan ƙaramar fuskar da ake taɓawa da yatsa. A 2010 Ethan Marcotte ya bayyana hanyar tsara shafin intanet guda da zai daidaita kansa da girman kowace na'ura. A 2014 Google ya fitar da Material Design, jerin ƙa'idojin zayyana da manhajojin Android da yawa suka bi.

A Najeriya

Wayar salula ta GSM ta fara aiki a Najeriya a watan Agusta na 2001. A shekarun farko, masu zanen talla da masu gina shafukan intanet ne ke tsara fuskar manhaja, ba tare da an ɗauke shi a matsayin aiki mai zaman kansa ba. Lamarin ya sauya da bayyanar cibiyoyi irin su CcHub a unguwar Yaba ta Legas, da kamfanoni irin su Andela a 2014, Paystack a 2015 da Flutterwave a 2016. Da kamfanin Stripe na Amurka ya sayi Paystack a watan Oktoba na 2020, kan kuɗin da aka ruwaito ya haura dala miliyan 200, hankalin matasa da yawa ya koma kan ayyukan fasaha. Kulle na annobar korona a wannan shekarar ya kuma saba wa kamfanoni da ɗaukar ma'aikatan da ke aiki daga gida.

Ƙarancin takardun kuɗi da ya biyo bayan sauya fasalin naira, a farkon 2023, ya tilasta wa miliyoyin mutane komawa tiransifa da POS, har a kasuwannin ƙauye. A lokacin manhajojin bankuna da dama sun riƙa cijewa saboda cunkoso, jama'a kuma suka karkata ga OPay, Moniepoint da PalmPay, waɗanda suka yi suna wajen sauri da sauƙin buɗe asusu. Wannan lokaci ya nuna wa kamfanoni cewa sauƙin amfani da manhaja na iya jawo abokin ciniki ko ya kore shi.

Yadda ake aikin

Kamfanoni sun bambanta a tsarinsu, amma akasari aikin na bin waɗannan matakai:

Bincike. Mai zayyana kan zauna da mutanen da za su yi amfani da manhajar, ya yi musu tambayoyi, ya kuma kalli yadda suke gudanar da harkarsu a yanzu. Idan manhajar ta 'yan kasuwar hatsi ce, zai je kasuwa ya ga yadda ake awo, yadda ake rubuta bashi, da wanda ke riƙe da wayar.

Tantance matsala. Daga abin da aka tattara sai a fitar da matsala guda da za a warware, a rubuta ta a taƙaice yadda kowa a ƙungiyar zai fahimta.

Zanen farko. Ana fara zana fuskokin manhajar a takarda ko da layuka marasa launi, domin a duba tsarin tafiya kafin a shiga ado.

Samfuri. Sai a haɗa fuskokin yadda za a iya taɓa su kamar manhajar gaske, alhali ba a rubuta ko layi ɗaya na umarnin kwamfuta ba.

Gwaji. Ana ba wasu mutane samfurin a ce su yi wani aiki, mai zayyana ya yi shiru yana lura da inda suka tsaya ko suka ruɗe. A wani rubutu na shekarar 2000, Nielsen ya ba da shawarar a riƙa gwaji da mutum biyar a kowane zagaye, a gyara, a sake, maimakon babban gwaji sau ɗaya.

Miƙawa da bibiya. Bayan an miƙa wa injiniyoyi, mai zayyana kan ci gaba da duba ƙorafin jama'a da alƙaluman da ke nuna inda mutane ke watsar da manhajar.

Kayan aiki da sauyawarsu

A shekarun 2000 da Adobe Photoshop aka fi zana shafukan intanet, ana kuma amfani da Flash wajen motsi da wasanni. An daina tallafa wa Flash gaba ɗaya a ƙarshen 2020. Manhajar Sketch ta fito a 2010 ta karɓe kasuwa, amma a kwamfutar Apple kaɗai take aiki, abin da ya sa ta yi wa yawancin masu koyo a Afirka tsada. Figma, wadda Dylan Field da Evan Wallace suka kafa kamfaninta a 2012 kuma aka buɗe wa jama'a a 2016, tana aiki ne a cikin burauza, tana da tsarin kyauta, kuma mutane da yawa na iya aiki a zane ɗaya lokaci guda. Wannan ya buɗe ƙofa ga mai ƙaramar kwamfutar Windows a Kano ko Katsina ya yi aiki da kayan da ake amfani da su a Landan.

A watan Satumba na 2022 Adobe ya sanar da shirin sayen Figma kan dala biliyan 20, amma aka fasa cinikin a watan Disamba na 2023 saboda adawar hukumomin kula da gasar kasuwanci na Birtaniya da Tarayyar Turai. Adobe ya daina bunƙasa tasa manhajar, Adobe XD, shi kuma InVision, wanda ya yi tashe wajen haɗa samfuri, ya rufe hidimarsa a ƙarshen 2024. Ke nan wanda ya shiga sana'ar a 2010 ya sauya babban kayan aikinsa aƙalla sau biyu ko uku. Wannan ne ya sa masu koyarwa ke jaddada cewa iya Figma kaɗai bai mayar da mutum mai zayyana ba.

Hanyoyin shiga sana'ar

Babu wata takardar shaida da doka ta wajabta kafin mutum ya yi wannan aiki. Masu zayyana sukan fito daga fannoni daban-daban: kimiyyar kwamfuta, zane-zane, zanen gine-gine, nazarin halayyar ɗan Adam, aikin jarida da kimiyyar harshe. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya tana da sashen zayyanar masana'antu, inda ake koyar da zanen talla tare da saƙa, tukwane da gilashi. Sassan kimiyyar kwamfuta na jami'o'i kuma sukan koyar da darasin mu'amalar mutum da kwamfuta.

Mafi yawan masu shiga sana'ar a yau ta gajeren horo suke shiga. A 2021 Google ya fara ba da takardar shaidar UX ta dandalin Coursera, mai kwasa-kwasai bakwai, kuma dandalin na karɓar takardar neman tallafi daga wanda ba zai iya biya ba. A cikin gida akwai shirin HNG da ke horar da matasa ta intanet, da ƙungiyar She Code Africa da Ada Nduka Oyom ta kafa a 2016 domin mata. A ƙarshen 2023 Ma'aikatar Sadarwa, Ƙirƙira da Tattalin Arzikin Dijital, ƙarƙashin minista Bosun Tijani, tare da hukumar NITDA, ta ƙaddamar da shirin 3MTT mai burin horar da mutum miliyan uku. An fara da mutum 30,000 a rukunin farko, aka tsara 270,000 a mataki na biyu. UI/UX na cikin fannonin da ake koyarwa, kuma shirin ya haɗa karatu ta intanet da haɗuwa a cibiyoyin horo na kowace jiha.

Abin da masu ɗaukar aiki suka fi dubawa shi ne kundin ayyuka. Kundi mai kyau kan ƙunshi ayyuka biyu zuwa huɗu, kowanne da bayanin matsalar da aka tarar, mutanen da aka tattauna da su, abin da aka gwada bai yi ba, da dalilin zaɓar mafita ta ƙarshe. Wani abin da ake yawan kuka da shi shi ne kundayen masu koyo sun yi kama da juna, domin kowa ya zana manhajar odar abinci ko ta sayar da takalma da ya kwaikwaya daga bidiyon koyarwa. Aikin da aka yi wa wata makarantar unguwa, ƙungiyar manoma ko kantin magani, ko da kyauta ne, ya fi nuna iyawar mutum.

Matakan aiki sukan fara daga mai neman ƙwarewa, zuwa ƙaramin mai zayyana, matsakaici, babba, sannan shugaban sashe. Daga matsakaicin mataki wasu kan keɓanta da fanni guda: binciken masu amfani, rubuta kalmomin manhaja, kula da kundin ƙa'idojin zayyana na kamfani, ko sauƙaƙa manhaja ga masu buƙata ta musamman. Wasu kuma kan koma manajojin manhaja. Banda aikin albashi, akwai aikin kwangila ta dandamali irin su Upwork da Fiverr.

A arewacin Najeriya

Yawancin kamfanonin da ke ɗaukar masu zayyana suna Legas da Abuja, amma cibiyoyin fasaha sun fara bayyana a arewa. A 2016 ne Sanusi Ismaila ya kafa CoLab a Kaduna, aka kuma kafa Startup Kano. Kafin su, ƙungiyar eHealth Africa, wadda aka kafa a 2009 kuma take da babban ofishi a Kano, ta yi aikin haɗa manhajoji da taswirori domin bibiyar masu allurar rigakafin shan inna, aikin da ya buƙaci tsara kayan aiki ga ma'aikatan da ke shiga ƙauyukan da babu sabis.

A jihar Katsina, gwamnatin Dikko Umaru Raɗɗa ta kafa hukumar fasahar sadarwa ta jiha, KATDICT, a 2023, ta naɗa Naufal Ahmad, wanda ya kafa cibiyar Kirkira Innovation Hub, ya shugabance ta. Ana karantar kimiyyar kwamfuta a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua, Jami'ar Al-Qalam, Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman Katsina. Sai dai cibiyoyin horo sun taru ne a manyan birane. Matashin da ke Kankiya, wadda ke kan babbar hanyar Kano zuwa Katsina, ko a garuruwan ƙaramar hukumar Kusada irin su Kaikai, yakan dogara da waya da data wajen karatu, ya riƙa zuwa birni idan akwai taro ko horo na ido da ido. A ɗaya ɓangaren, irin wannan matashi yana zaune ne a cikin mutanen da bankuna, kamfanonin noma da hukumomin lafiya ke son kai wa hidima, kuma waɗanda mai zayyana da ke Legas bai cika sanin rayuwarsu ba.

Zayyana domin masu jin Hausa

Haruffa

Rubutun boko yana da haruffa masu lanƙwasa: ɓ, ɗ da ƙ, sai kuma ƴ da ake rubutawa a Nijar, wanda a Najeriya ake rubuta shi 'y. Barin lanƙwasar na sauya ma'ana, kamar kafa da ƙafa, baki da baƙi, daidai da ɗaiɗai. Duk haruffan suna cikin tsarin Unicode, amma ba kowane salon rubutu ne ke ɗauke da su ba. Idan aka zaɓi wanda babu su, sai su fito a matsayin akwati, ko da siffar da ta bambanta da sauran kalmar. Salon Noto na Google da Andika da Charis na ƙungiyar SIL suna ɗauke da su. Wurin bincike a manhaja kuma ya kamata ya gane cewa wanda ya rubuta “kasa” yana iya nufin “ƙasa”, tunda mutane da yawa ba sa sa lanƙwasa a waya.

Akwai matsala ta musamman a saƙon tes. Saƙo ɗaya na ɗaukar haruffa 160 idan duk suna cikin jerin haruffan GSM, amma haruffa masu lanƙwasa ba sa cikin jerin. Da zarar an sa ƙ guda ɗaya, sai iyakar saƙon ta sauko zuwa 70, kuɗin aikawa ya ƙaru. Wannan na cikin dalilan da ke sa saƙonnin Hausa na kamfanoni ke zuwa babu lanƙwasa.

Ga masu karanta ajami, SIL ta fitar da salon Harmattan, da kuma Alkalami wanda aka gina kan irin rubutun hannu na Kano. Ajami daga dama yake farawa, don haka fuskar manhajar gaba ɗaya sai an juya ta.

Jinsi da zaɓin kalma

Turanci na da kalma ɗaya ta magana da mutum, namiji ne ko mace, ɗaya ne ko jama'a. Hausa kuwa tana rarrabe ka, ki da ku. Dole mai zayyana ya zaɓa tsakanin “lambarka”, “lambarki” da “lambarku”. Wasu manhajoji na amfani da jam'i, wanda ke ɗauke da girmamawa kuma ya haɗa kowa. Wasu na kauce wa wakilin suna gaba ɗaya, su rubuta “Shigar da lambar sirri” ko “A sake gwadawa”.

Akwai kuma tazara tsakanin Hausar kafafen yaɗa labarai da ta kasuwa. Rediyo na cewa asusun banki, mai POS da abokin cinikinsa kuwa sukan ce akawun, tiransifa da alat. Fassarar da ta tsaya kan ƙamus kaɗai na iya zama daidai amma ta ruɗa mai amfani, don haka ake gwada kalmomin a bakin mutane kafin a tsayar da su. Bambancin karin harshe tsakanin Kananci, Katsinanci da Sakkwatanci shi ma abin lura ne, musamman a saƙon murya. Jimlar Hausa kuma takan fi ta Turanci tsawo, ta yadda maɓallin da aka auna da kalmar Turanci guda ba zai ɗauki fassararta ba.

Kuɗi, suna da adireshi

A Nijar masu jin Hausa da dala suke lissafin sefa: dala ɗaya ita ce sefa 5, sefa 100 dala ashirin ce, sefa 1,000 kuma jika ɗaya. Manhajar da ke karanta adadi da murya a Maraɗi ko Damagaram ba za ta yi amfani da lissafin Kano ba. A Najeriya ma dattawa da dama na kiran naira 200 jaka guda.

Fom ɗin da ke neman sunan farko da sunan iyali ya ginu ne kan al'adar Turawa. Bahaushe yakan yi amfani da sunansa da na mahaifinsa, wani lokaci ya ƙara sunan garinsu, kuma suna ɗaya na da rubutu iri-iri, kamar Muhammad, Muhammadu da Mohammed. Saɓanin rubutu tsakanin NIN da BVN ya jawo wa mutane da yawa matsala a banki, musamman bayan umarnin haɗa layin waya da NIN na watan Disamba na 2020. Haka nan gidaje da yawa a karkara ba su da lamba ko sunan titi, da kwatance ake gane su, kamar bayan masallacin Juma'a ko kusa da gidan mai unguwa.

Murya da ƙananan wayoyi

Mutane da yawa da ba su saba karatun boko ba suna amfani da WhatsApp ta saƙon murya, suna kuma gane manhaja ta launi da wurin da maɓalli yake. Binciken da Indrani Medhi ta jagoranta a cibiyar Microsoft da ke Indiya ya nuna amfanin hoto da murya ga masu ƙarancin karatu. Har yanzu ƙaramar waya mai maɓallai na da yawa a karkara, kuma da lambobin USSD irin su *737# na GTBank da *901# na Access ake hulɗa da banki a kanta. Shafin USSD ba ya wuce haruffa 182, yana yankewa idan aka daɗe ba a amsa ba, kuma a 2021 aka fara cajin naira 6.98 kan hada-hadar banki ta wannan hanya. Tsara jerin zaɓi gajere da mutum zai bi kafin lokaci ya ƙare aikin zayyana ne, duk da babu hoto ko launi a ciki. Sauran abubuwan lura sun haɗa da wayar da mutum biyu ko uku ke amfani da ita a gida ɗaya, ƙarancin wurin ajiya, da cajin da ake biya a shago.

Ƙirƙirarriyar basira

Tun bayan fitowar ChatGPT a watan Nuwamba na 2022, an samu manhajojin da ke zana fuskar manhaja daga bayanin da aka rubuta musu. Figma ta fitar da nata, Figma Make, a 2025. Waɗannan kayan sun rage lokacin da ake ɓatawa a zanen farko, rubuta kalmomin gwaji da taƙaita hirarraki. Da yake irin waɗannan ayyuka ne aka saba ba ƙananan ma'aikata, ana muhawara kan makomar masu shigowa sabo, musamman da abin ya zo daidai da rage ma'aikata da manyan kamfanonin fasaha suka yi a 2022 da 2023.

Masu ganin sana'ar za ta ɗore suna kafa hujja da cewa na'urar na kwaikwayon abin da ta gani ne a intanet, wanda mafi yawansa na Turanci ne kuma an yi shi domin masu babbar waya da intanet mai ƙarfi. Hausar da take fitarwa takan buƙaci gyara, kuma ba za ta je kasuwa ta ga yadda dillali ke karɓar kuɗi ba. A wannan ra'ayi, darajar mai zayyana na komawa ga bincike, tantance abin da ya dace, da sanin harshe da al'ada. Fasahar ta kuma haifar da sabon aiki, wato tsara hira tsakanin mutum da na'ura ta rubutu ko murya. Ƙungiyoyin masu bincike irin su HausaNLP da Masakhane suna aikin tattara bayanan da za su inganta fahimtar na'ura ga Hausa da sauran harsunan Afirka.

Ɗa'a da doka

A 2010 Harry Brignull ya fara tattara misalan zayyanar yaudara, wato dabarun da ke sa mutum ya amince da abin da bai yi niyya ba, kamar ɓoye maɓallin soke rajista ko sa alamar amincewa tun kafin a tambaye shi. A Najeriya an ga irin haka a wasu manhajojin ba da bashi da ke karɓar izinin shiga lambobin wayar mutum, daga baya su riƙa tura wa 'yan'uwansa saƙon cin mutunci. Hukumar kare masu sayayya ta FCCPC ta ɗauki mataki a kansu a 2022. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta shimfiɗa sharuɗɗan karɓa da sarrafa bayanan mutum, ciki har da bayyana masa dalilin karɓarsu.

Game da masu buƙata ta musamman, ƙa'idojin WCAG na duniya sun tanadi, misali, cewa bambancin haske tsakanin ƙaramin rubutu da bayansa ya kai 4.5 bisa 1, kuma kowane hoto mai ma'ana ya kasance da bayanin da manhajar makafi za ta karanta.

Ƙalubale

Babban cikas ga mai koyo shi ne kwamfuta, domin ana iya kallon darasi a waya amma cikakken zane sai da kwamfuta. Faɗuwar darajar naira bayan watan Yuni na 2023 ta ƙara tsadar na'urori da kuɗin manhajojin da ake biya da dala, kuma a watan Janairu na 2025 hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data. Rashin tsayayyar wutar lantarki na sa da yawa dogara da sola ko janareta. Matsalar tsaro ma ta taɓa harkar: a watan Satumba na 2021 an katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina, ciki har da Funtuwa, Malumfashi da Dutsin-Ma, har na tsawon watanni.

Akwai kuma ƙarancin ƙwararrun da za su duba aikin mai koyo su gyara masa, da ƙarancin kamfanonin gida da ke ware kuɗi domin zayyana. Yawancin darussa da Turanci suke, kuma har yanzu ba a daidaita kalmomin fannin a Hausa ba. Mata na fuskantar ƙarin cikas wajen mallakar na'ura da halartar horo a wani gari, ko da yake damar yin aikin daga gida ta sa wasu ke ganin sana'ar ta dace da su.

Duba kuma

Manhaja
Hukumar NITDA
Ƙirƙirarriyar basira
Rubutun boko
Ajami
Jihar Katsina